Cutar Crohn da Gorar Magani: Tambayoyin da Ake Kawo Mini Shago a Aboabo

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, ba likita ba. A 2017 aka gano sunan ciwon da ya shekara uku yana cin cikina. Tun daga lokacin, duk wanda ɗansa ya rame babu dalili, ko matarsa ta kasa rabuwa da gudawa, sai a ce masa ya je wurin telan nan. Su zo su zauna a benci, ina taka keke suna tambaya. Rabin tambayoyin a kan gora ne da ƙwayoyin da ake tallatawa, shi ya sa na tara su nan tare da amsar da nake bayarwa.

Wai mece ce cutar Crohn? Ba basir ba ce aka sa wa sunan Turawa?

A Zango duk abin da ya fito ta ƙasa basir ne, maƙwabtanmu Asante kuma su ce kooko. Crohn daban take. Garkuwar jikin mutum ce, wadda aikinta yaƙi da cuta, take juyowa tana hura wuta a bangon hanjinsa har ya kumbura ya yi gyambo. Tana iya kama ko'ina tun daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda ya haɗu da babba, wato ƙasan cibiya ta hannun dama. Ba ta tsayawa sama-sama, takan ci bangon har ta huda shi. Daga nan ake samun hanji ya tsuke abinci ya kasa wucewa, ko mugunya ta taru, ko wata ɓarauniyar hanya ta buɗe daga hanji zuwa fata ko mafitsara tana yoyo. Idan yoyon ya fito kusa da dubura, shi ne ake ta shafa wa maganin basir shekara da shekaru.

Sunan na wani likitan Amurka ne, Burrill Crohn. Shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka bayyana cutar a 1932 daga asibitin Mount Sinai. Tana da 'yar'uwa mai suna ulcerative colitis, wadda babban hanji kaɗai take kamawa. Ka riƙe wannan bambancin, domin masu talla sukan ɗauko sakamakon waccan su liƙa wa wannan.

Me ke kawo ta? Ana ɗauka?

Ba a ɗauka. Mu ci tuwo kwano ɗaya, ka sha ruwa a kofina. Gado yana da hannu a ciki, haka ƙwayoyin da ke zaune a hanji, haka yanayin rayuwa, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 15 zuwa 35. Abin da ke hannunka shi ne taba: mai shan sigari ya fi kamuwa, ciwonsa ya fi yawan tashi, ya fi komawa tiyata. Mma ta daɗe tana cewa hannu aka sa mini don shagona ya fara ciniki. Ban yi gardama da ita ba. Na sha rubutun da ta kawo, na kuma koma asibiti.

Ta yaya za a tabbatar ita ce?

Ba da kallo ba, ba kuma da gwajin taifot ba. Sau biyar wani ƙaramin asibiti ya ce mini taifot ce, bisa gwajin nan na Widal da ke yawan nuna cutar ga wanda ba shi da ita. Kowane zuwa a ɗaura mini ruwa, in sha ƙwayoyi, in dawo gida ina ƙara ramewa. Daga kilo 68 na sauko 51, wandunan da na ɗinka wa kaina na dawo ina rage musu ƙugu.

Abin da ke raba gardama shi ne kolonoskofi: a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, a ga hanjin, a ɗan tsinko tsoka a kai ɗakin gwaji. Ana haɗawa da gwajin jini na CRP mai nuna kumburi a jiki, da gwajin bayan gida mai suna calprotectin da ke auna kumburin hanji, wani lokaci da hoton CT ko MRI. Likitocin hanji suna Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, da Korle Bu a Ankara.

Ga abin da nake roƙon kowa ya ji. A ƙasarmu, tarin fuka na hanji, wato tibi, yana kama da Crohn kamar an tsaga kara: wuri ɗaya suke kamawa, rama ɗaya, zazzaɓi ɗaya. Atini na amiba ma yakan yi kama. Maganin Crohn kwantar da garkuwar jiki yake yi, to idan ashe tibi ce, an buɗe mata ƙofa ke nan. Don haka kada ka ji haushi idan likita ya ce sai an yi hoton ƙirji, ko ya fara ba ka maganin tibi ya gani ko gyambon zai warke. Maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ita tana warkewa gaba ɗaya.

Ita Crohn ɗin tana warkewa?

Kwanciya take yi, ba ta tafiya. Mutum na iya shekaru lafiya lau idan an danne ta. Prednisolone, wani maganin sitiroyid, yana kashe wutar da sauri, amma na makonni ne, ba na zama ba, don yana cin ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini. Azathioprine da methotrexate su ne na doguwar tafiya, suna buƙatar gwajin jini a kai a kai. Sai allurai masu tsada irin infliximab, wanda Amurka ta amince da shi don Crohn a 1998, da adalimumab, da ustekinumab. Kafin a fara su dole a duba tibi da ciwon hanta nau'in B. Yara kuma akan ɗora su kan abincin ruwa na musamman zalla na mako shida zuwa takwas, kuma yana aiki. Tiyata tana cire wurin da ya lalace, amma ciwon yakan dawo a bakin ɗinkin.

To, tunda asibiti ba ta warkarwa, ina laifin mutum ya gwada wani abu?

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Na kama nawa a 2019, a motar Ankara. Mun wuce Ejisu ke nan wani mutum ya miƙe da jaka, ya yi addu'a, ya shiga bayanin wata gora mai ruwan ƙasa-ƙasa: ciwon ciki, basir, ciwon ƙugu, duk ita. Na sayi uku. Wallahi cikin mako guda murɗawar ta tsaya, na cinye waakye na sake layi. Na yi murna, na ajiye azathioprine a aljihun teburin ɗinki.

Wata biyu fuskata ta zama kamar faranti. 'Yan layinmu suna ta barka, wai na murmure. Ga ƙuraje a baya, ga ƙishirwa, barci ya ƙaurace. Da na shiga ofishin likitata, ban ko zauna ba ta ce, “Malam, me kake sha?” Ta ce wannan fuskar sitiroyid ce, kuma an sha kama masu zuba garin dexamethasone, wani sitiroyid, a maganin gargajiya don mai sha ya ji sauƙi nan take. Ta hana ni yanke gorar lokaci ɗaya, ta maye gurbinta da prednisolone aka riƙa ragewa a hankali, domin jikin da ya saba da sitiroyid yana iya sumewa idan aka tsayar kwatsam. Da aka sake leƙa hanjin, gyambon yana nan, har wani wuri ya fara tsukewa.

Abin da na koya shi ne, jin sauƙi daban, mutuwar wutar daban. Ciki na iya yin shiru alhali hanji na ci gaba da lalacewa. Kuma ciwon nan da kansa yake tashi ya kwanta. Duk abin da kake sha ranar da ya kwanta, shi zai kwashe yabon. Ko a manyan gwaje-gwaje, waɗanda aka ba ƙwayar bogi da yawansu sukan ce sun ji dama. Shi ya sa shaidar “ɗan'uwana ya sha ya warke” ba ta ishe ni ba yanzu.

Akwai ƙarin sinadaran da mai Crohn ke buƙata da gaske?

Akwai, kuma su ne marasa talla, masu araha. Na farko maganin ƙarin jini, domin gyambo yana zubar da jini kaɗan-kaɗan, kumburi kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ayon. Ƙwayarsa takan baƙanta bayan gida ta dami ciki. Idan ciwo na tashe, ta jijiya ta fi. Na biyu bitamin B12. Shi a ƙarshen ƙaramin hanji kawai ake tsotsarsa, daidai gidan Crohn. Hanta tana da ajiyarsa ta shekaru, don haka rashin ba ya bayyana da wuri, sai ka fara jin tafin ƙafa yana dindiris kamar kiyashi na tafiya, ga mantuwa. Wanda aka yanke wa wurin, allura yake buƙata. Sai bitamin D da kalsiyam saboda ƙashi, musamman ga mai shan prednisolone, da folic acid ga mai shan methotrexate.

Duk waɗannan gwajin jini ne ke faɗar wanda ya ragu. Kada ka ce rana ta ishe mu a Gana. Ni da nake wuni a shago, nawa bitamin D ƙasa yake. Kada kuma ka ɗura shi ba ƙa'ida, yana taruwa a jiki ya taɓa ƙoda.

Kurkum fa? Man kifi? Ƙwayoyin nan na gyaran hanji?

An gwada su, kuma labarin kusan iri ɗaya ne. Man kifi ya fi koya darasi. A 1996 wani ƙaramin bincike a Italiya, na mutum 78, ya nuna kamar yana hana ciwon dawowa, duniya ta ɗauka. A 2008 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu masu suna EPIC, mutum sama da 700, giram huɗu kullum har kusan shekara. Babu bambanci tsakanin mai shan man kifi da mai shan na bogi.

Kurkum ya nuna ɗan amfani a ulcerative colitis idan an haɗa shi da maganin asibiti. A Crohn kuwa, wani gwaji a Faransa da aka buga a 2020, kan waɗanda aka yi wa tiyata, bai ga ya hana ciwon dawowa ba. Na cikin miya ba shi da laifi. Ƙwayoyin da aka tace aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya tsotse da yawa, su ne aka samu suna taɓa hantar wasu, a Italiya da Amurka. Mai shan azathioprine ko methotrexate, hantarsa da ma tana ɗauke da kaya.

Ƙwayoyin furobayotik, masu ɗauke da bakteriya mai amfani, ba su nuna suna kwantar da Crohn ba. Ƙaron wani icce na Indiya, ɗan'uwan hanonmu, an gwada shi shekara guda a Jamus, aka buga a 2011, shi ma bai fi na bogi ba. Ruwan ɗacin alobera kuwa maganin wankin ciki ne, mai gudawa me zai yi da shi?

Gaskiya ne Turawa na shan ƙwan tsutsa, har da dashen kashi?

Gaskiya ne, ni ma dariya na yi da farko. An lura cutar ta fi yawa inda tsutsar ciki ta ɓace, sai wasu likitoci a jihar Iowa suka ba mutum 29 ƙwan wata tsutsar alade. A 2005 suka ce mafi yawansu sun sami sauƙi. Da aka yi babban gwaji da na bogi a gefe, a 2013 abin ya rushe. Dashen bayan gidan mai lafiya a hanjin mara lafiya magani ne tabbatacce ga wata gudawa ta daban, amma a Crohn har yanzu gwaji ne, kuma a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani ya mutu da ƙwayar cutar da ta biyo dashen.

Samari sukan rage murya su tambaye ni wiwi. A Isra'ila, 2013, an gwada ta kan mutum 21: sun ji sauƙi, sun ci abinci, sun yi barci, amma alamar kumburi a jininsu ba ta sauka ba. Gorata ce dai a wata riga, ga kuma doka.

Habbatus sauda da zuma fa? Ai hadisi ne.

Hadisi ne, kuma ina shan su da safe, likitata ta sani. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce bayin Allah su nemi magani. Ban ga inda aka ce wanda ya sha habbatus sauda ya jefar da na asibiti ba. Rabin ƙaramin cokali ya ishe ni. Wanda ke kurɓar man kofi-kofi, ko yake haɗa shi da tazargade da zogale da saiwoyi bakwai, shi ya san wanda ya aike shi.

Idan kwalbar tana da lambar FDA, ba shi ke nan ba?

Lambar hukumar abinci da magunguna ta Gana tana nufin an yi wa kayan rajista, an duba tsabtarsa da abin da ke ciki. Ta fi babu nesa ba kusa ba. Gorata ko takarda ba ta da ita. Amma ba shaida ba ce cewa yana maganin Crohn. Masu son na itatuwa su san cewa ƙasar nan tana da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong-Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST kuma tana yaye masu digiri a fannin. Gara su da mai jaka a mota.

Na ji, amma zan gwada. Yaya zan yi?

Kai kwalbar gaban likita ko mai harhaɗa magani, ba sunanta ba, ita kanta. Kada ka ajiye maganin asibiti. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san mai amfani da mai ɓarna ba. A auna CRP da hanta, da calprotectin idan aljihu ya yarda, kafin ka fara, a sake bayan wata biyu ko uku. Ni ina da littafin awo na kwastomomi, shafukan baya nake rubuta sau nawa na zagaya, akwai jini ko babu, da nauyina duk Juma'a. Idan lambobin ba su motsa ba, ka daina, kuɗin ya tafi gwaji na gaba. Idan idonka ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu, ka daina a ranar. Duk wanda ya ce sirri ne abin da ke cikin maganinsa, ko ya ce sai ka kawo mutum uku su ma su saya, ka ba shi hanya.

A kyamis ma akwai tarko. Diclofenac da ibuprofen, da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki, suna iya tayar da ciwon. Paracetamol ya fi aminci. Mai shan azathioprine kuma kada ya karɓi allopurinol, maganin ciwon gaɓoɓi, ba da sanin likitansa ba, haɗin yana iya rusa jini.

Me zan ci?

Abinci ba shi ya kawo ciwon ba, kuma kowa da abin da cikinsa ke ƙi. Idan nawa ya tashi, koko marar yaji da citta, farar shinkafa, tuwo da miyar ayoyo mai laushi, dafaffen ƙwai da kifi. Shito, cincinga mai yaji da burkina sai na warware. Wanda hanjinsa ya tsuke ya kiyayi masu zare da tauri: aya, gyaɗa, gasasshiyar masara, ganda, mangwaro mai gashi, ɓawon wake. Garin zare da ake sayarwa don gyaran ciki yana iya toshe shi ɗungurungum. Ranar gudawa, ledar ruwa biyu lita ɗaya ce: ƙaramin cokali shida na suga, rabin cokali na gishiri, ko ka sayi ORS.

Azumi da aikin Hajji fa?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Sha'aban ka ga likita. Idan ciwo na kwance, da yawa suna azumi lafiya, a mayar da magani sahur da buɗa-baki. Idan yana tashe, Suratul Baƙara ta ba mara lafiya rangwame ya rama, malaminka zai yi maka bayanin ciyarwa idan ramuwar ta gagara. Na sha azumi goma sha ɗaya a wata shekara, ina ɓuya a bayan shago kamar ɓarawo, har limaminmu ya ce mini, “Ɗana, kyautar Allah ce kake jin kunyar karɓa?”

Maniyyaci ya kula da allurar zazzaɓin shawara. Tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai shan maganin danne garkuwa ita sai da shawarar likita. Zazzaɓi kuma, ko a gida ko a Makka, kada a ce maleriya ce kawai a sha magani a kwanta, a gwada.

Zan iya aure? Za ta haihu?

Na yi aure a 2021, 'yarmu tana gudu a tsakar gida. Na faɗa wa surukina gaskiya tun kafin a kai goro. Mafi yawan 'ya'yan masu Crohn ba sa kamuwa. Mace ta nemi ciki lokacin da ciwo ke kwance, kada ta yanke magani da kanta, amma methotrexate haramun ne ga mai ciki ko mai nema, yana nakasa jariri.

Yaushe ne ba a jira gari ya waye?

Amai ba tsayawa da ciki a kumbure, babu tusa babu bayan gida. Jini mai yawa. Zazzaɓi da ciwon da ba ka iya miƙewa. Kumburi mai zafi kusa da dubura. Iska ko ƙazanta a cikin fitsari. Nemi mota ko da tsakar dare ne.

Yaya kake yi da trotro, wato motar haya, da sallar Juma'a?

Na san kowane ban-ɗakin haya daga Aboabo zuwa Kejetia, da wanda ke da ruwa da wanda sai ka zo da naka. Idan zan yi nisa ba na karyawa sai na isa, kuma kujerar bakin ƙofa nake nema ko da zan jira mota ta gaba. Loperamide, maganin tsayar da gudawa, yana taimaka wa tafiya, amma ba ranar da ake zazzaɓi ko jini ko kumburin ciki ba. A masallaci sahun baya nake tsayawa, gefen ƙofar alwala. Mai yoyo ya tambayi malami hukuncin mai lalurar da ba ta yankewa, akwai sauƙi a ciki. A jakata kullum akwai wando na canji, sabulu, leda biyu, ORS, da 'yan sulalla a aljihun gaba don mai tsaron ƙofa, domin ba ya jiran a nemo canji.